Zarto Kafinta a Ɗakin Sulhu

A layin kafintoci ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Zarto ake ce masa, kuma ba don sana'a ba, tunda duk layin kowa da zartonsa a rataye. Bakinsa ne ya jawo masa. In ya kama magana sai ya yi ta kai ta yana komo da ita, ba zai sake ta ba sai ta rabu biyu, ko kuma abokin maganar ya tuna yana da uzuri a wani wuri.

Mahaifinsa masinjan kotu ne. Tun yana firamare shi ke kai wa tsohon abincin rana, in ya miƙa kwano sai ya maƙale a jikin taga yana leƙe. A nan ya ga an ce wa wani attajiri ya rufe bakinsa, ya kuwa rufe. A nan ya ga alƙali ya gyara tabarau ya faɗi mai gaskiya da ƙarfi a gaban jama'a, maƙaryacin yana tsaye ba damar tafiya. Ya tashi da imanin cewa duniya tana da ɗaki guda da ake faɗin gaskiya a bayyane, kuma makullin ɗakin a aljihun ubansa yake kwana.

Karatu bai yi nisa ba. Uban ya rasu, kawunsa ya kai shi koyon kafinta, ya fito da hannu mai kyau da ra'ayi mai tsauri a kan kujera. Ba ya yarda da ƙusa a inda ya kamata katako ya shiga cikin katako. Duk kujerar da ya gama sai ya hau kanta da ƙafa biyu ya yi tsalle, shi kuwa Allah bai rage shi a jiki ba. Matarsa takan ce wannan ne kaɗai motsa jikin da likita ya taɓa samu daga wurinsa.

Da wannan hannun ya gina ɗaki biyu da falo, ya aurar da 'ya'ya mata, ya sayi babur ya sayar. Duk tsawon shekarun nan maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "mu haɗu a kotu". Ya faɗa wa maƙwabcinsa mai yin gadaje a kan dusar katako da iska ke kwasowa. Ya faɗa wa mai kawo katako, ya faɗa wa duk direban da ya tare masa ƙofar shago. Ba wanda ya taɓa haɗuwa da shi a can, domin kafin la'asar an shirya, yawanci a kan benci guda ana shan shayi. Har furfura ta cika masa gemu bai taɓa shigar da ƙara ba.

Sai ga aikin ɗakin taro. Wani babban ɗaki ne da ake haya don bukukuwa da tarurruka, mai shi wani dattijo ne da ba a cika gani ba, mijin 'yarsa ne ke tafiyar da wurin, kowa na ce masa Manaja. Mutum ne mai wayoyi biyu da murmushi guda da yake raba wa kowa daidai. Ya ba Zarto kwangilar kujerun katako na sahun gaba, na manyan baƙi, a kawo kashi biyu. Zarto ya kai kashin farko kafin damina, kowace ya yi tsalle a kanta, ya koma ya kama na biyu.

Bayan damina wata makaranta ta yi taron yaye ɗalibai a ɗakin. Babban baƙo ya gama jawabi a kan tarbiyya, ya koma zai zauna, kujera ta watse da shi, ƙafafunsa suka kalli rufi. Waɗanda suka taso ɗaga shi suka dafa ta kusa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Manaja ya karɓi makirufo ya ba jama'a haƙuri, ya ce shi ma cutarsa aka yi, aikin wani kafinta ne da ake kira Zarto. Akwai wanda ya ɗauka da waya. Kafin Zarto ya ji labari, hoton ya riga shi shiga gidansa, matarsa ta kalla a wayar maƙwabciya.

Washegari aka zo aka zube masa kujerun a ƙofar shago, da saƙon cewa an fasa sauran aikin. Ya ɗauki ƙafar kujera guda ya juya ta. Gaɓar ta kumbura ta yi baƙi, gam ɗin ya zama kamar kunu. Ya kai hanci ya shinshina. Kowane kafinta ya san warin katakon da ya kwana cikin ruwa, wannan kuwa ba kwana ɗaya ya yi ba. Ya bi layin shago shago yana nuna wa mutane, kowa ya ce haka ne, haka ne, da irin muryar da ake yi wa mai zaman makoki. Masu zuwa sayen kujera suka fara wuce shagonsa suna kallon wani gefe. Wata mata da ta ba shi aikin kujerun cin abinci ta aiko a ce mijinta ya canza shawara.

Ya tafi wurin ƙanin matarsa, wanda lauya ne, yana riƙe da ƙafar kujerar a jarida.

"Barista, yau dai ranarka ta zo. Karatun da yayarka ta sha wahala a kai, yau za mu ga amfaninsa."

"Yaya, wa ka kashe?"

"Ni aka kashe. Kotu za ka kai ni."

Barista ya saurara har ƙarshe, abin da ya ci rabin yininsa. Sannan ya ce ƙara tana da tushe, an saɓa kwangila, amma akwai sabuwar doka. Duk rikicin ciniki, ba a karɓarsa a kotu sai an fara zaman sulhu. In an zauna abin ya gagara, mai sulhu ta ba da shaida, sannan alƙali ya saurara.

"Sulhu da wa? Ni na ce ina faɗa da shi? Gaskiya nake nema."

"To gaskiyar ce aka sa wa ƙofa biyu. Sai ka bi ta farko."

"Ashe shi ya sa ƙasa ta lalace. Ubana ya yi aiki a kotu har ya mutu, bai taɓa cewa mutum je ka sha shayi da maƙiyinka ka dawo ba."

"Masinja ne fa, Yaya."

"Ya fi ka sanin shari'a."

Ranar zaman ya sa tufafin da yake zuwa ɗaurin aure da su. Ya tafi da mai gadaje a matsayin shaida, aka ce shaida ya jira a baranda. Ɗakin yana hawa na sama a wani gini na ofisoshi, tsakanin masu sayar da inshora da wani likitan haƙori. Zarto ya shiga yana neman inda alƙali ke zama, bai ga wuri mai tudu ba. Tebur ne zagayayye, da robobin ruwa, da kwalin takardar share hawaye, da wata shuka a tukunya da ba a san ko tana da rai ba. Kujerun na roba ne. Ya daɗe yana kallon tasa kafin ya ba ta amanar jikinsa.

Mai sulhun wata dattijuwa ce mai ƙaramin jiki, ta yi shekaru tana rajistara a kotu kafin ta yi ritaya. Malama ake ce mata. Ta gaishe su, ta ce ita ba alƙali ba ce, ba za ta ce wane ya yi daidai ba. Ta ce duk abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, ba mai fita da shi, kuma ba a kafa hujja da shi a kotu. Kowa ya sa hannu a kan haka. Zarto ya sa nasa yana shafa gefen teburin da ɗaya hannun, yana mamakin wanda ya yi wannan aikin ya kuma iya barci.

Shi aka fara ba dama. Ya fara daga yadda ake zaɓen katako. Malama ba ta katse shi ba, abin da bai saba gani ba, har ya fara jin wani iri, kamar mai tura ƙofar da ba a kulle ba. Da ya kai kan ƙafar kujerar ya kwance jaridar ya ajiye ta a tsakiyar tebur, ya ce a shinshina. Malama ta shinshina. Barista ya ce shi ya riga ya shinshina a ofis.

Manaja ya kife wayoyinsa biyu a kan tebur, ya dubi Malama.

"Kin ce maganar nan ba ta fita?"

"Ba ta fita."

"To, Baba, gaskiyarka ce. Sitonmu ne ya fara yoyo, na sa aka fitar da kujerun bayan gini aka rufe da tampol. Tampol ɗin ashe a yage yake. A can suka yi damina. Da rana ta fito aka goge su aka shigar, ni da na ga suna ƙyalli na ɗauka lafiya lau."

Zarto ya matso da kujerarsa kusa da tebur.

"Ranar nan kuwa," in ji Manaja, "mutum yana ƙasa, surukina yana sahun gaba yana kallona, makirufo yana hannuna. Dole in kira sunan wani. Naka ne ya zo bakina. Wallahi ban ƙi ka ba."

Zarto ya miƙe, kujerar roba ta biyo shi ta faɗi.

"Malama, kin ji! Rubuta! Barista, kira mai gadaje ya shigo. Maimaita, ɗan nan, maimaita daga wurin tampol!"

Malama ba ta taɓa biro ba. Barista ya kama hannun rigarsa ya zaunar da shi, ya yi masa bayanin abin da ya sa wa hannu ɗazu, a hankali, sau biyu.

"Wato ya faɗa, amma bai faɗa ba."

"Haka ne, Yaya."

"Ni na ji, kai ka ji, baiwar Allah nan ta ji, amma ba a ji ba."

"Ka fahimta ke nan."

"In mun je kotu fa?"

Manaja ya amsa da kansa, cikin ladabi. Ya ce a kotu lauyansa ne zai yi magana, kuma lauyansa bai san da wani tampol ba. Ya ce zai karɓi sauran kujerun, zai biya gyaran waɗanda suka lalace, ba gardama. Abu guda ne ba zai yi ba, ba zai tsaya gaban mutane ya ce laifinsa ne ba. Ranar da maganar ta kai kunnen surukinsa, aiki da aure za su fita ta ƙofa guda.

Aka ɗaga zaman. A baranda mai gadaje ya taso yana tambayar yadda aka yi. Zarto ya dube shi, maganar ta zo masa har maƙogwaro, Barista ya taka masa ƙafa. Suka sauko daga bene.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ya ture.

"Maigida, an ci ka ne?"

"An hana ni faɗa."

"Kai? Wa ya iya wannan aikin? A ba ni sunansa in kai masa tukwici."

"Ki bar wasa. Gaskiya na gani da idona, aka ce in bar ta a can."

"To ka je kotun mana. Shekara nawa kana yi wa mutane alkawarinta."

"Zan je."

"Ka je. Ni dai na san shago ba kowa. Kafin alƙalinka ya gyara tabarau, gara ta cinye sauran kujerun, mu kuma mu ci gaskiya da miya."

Ya jawo kwanon.

A zama na biyu Malama ta ce tana so ta gana da kowa shi kaɗai. Da Manaja ya fita, ta zuba wa Zarto ruwa ta tura masa.

"Malam, in kana son shaidar cewa sulhu ya gagara, yau zan ba ka, haƙƙinka ne. Amma ina da tambaya. In alƙali ya ce kujerunka ba su da laifi, wa kake so ya ji?"

"Duniya."

"Duniya ba ta zuwa kotu. Na zauna a can har na tsufa. Ranar shari'ar kwangila, waɗanda ke kan benci masu jiran a kira tasu ƙarar ne, sai wani mutum da ke zuwa don fanka. A ɗaga, a sake ɗagawa, ranar hukunci a karanta shi da sauri don akwai wasu a baya. Kuma ban ce za ka ci ba. Kana da ƙafar kujera, shi yana da lauya."

"A da ba haka kotu take ba."

"Ta taga ka gan ta, Barista ya ba ni labari. Ta taga komai yana da kyau. Ni dai ka faɗa mini mutanen. Su wa?"

Zarto ya juya robar ruwan a hannunsa. Ya ga ba duniya ce ke hana shi barci ba. Mai gadaje ne da "haka ne, haka ne" ɗinsa. Masu shagunan layin ne, da mai shayi, da matan da ke zuwa zaɓen kayan ɗaki suna wuce shi.

"Layinmu," ya ce.

"To layinku ba sa karanta hukunci. Me suke yarda da shi?"

"Abin da suka gani."

Aka dawo da Manaja. Zarto ya ce ya yafe maganar baki. Sharaɗinsa shi ne, in ya gama gyara, Manaja ya zo da kansa ya kwashi kujerun, tsofaffi da sababbi, da motar ɗakin taro mai suna a jiki, da hantsi, ranar aiki, lokacin da layi ya cika. Ba aike ba.

Manaja ya ce zai zo, amma da yamma. Zarto ya ce da yamma ɓarayi ke kwasar kaya. Manaja ya ce to zai zauna a mota, ma'aikata su loda. Zarto ya ce ai direba ma yana zama a mota. Aka yi ta ja, Malama tana bin su da ido kamar mai kallon 'yan dara. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Manaja zai sauko, zai ɗauki kujera da hannunsa ko da guda ce, kuma kafin a loda zai zauna a kan ɗaya daga cikin waɗanda aka gyara, a bakin titi, har ya shanye kofin shayi.

"Babba ko ƙarami?" in ji Manaja.

"Babba. Mai zafi."

"In aka tambaye ni fa?"

"Ka ce shayi kake sha," in ji Malama. "Ba wanda zai ce komai, daga kai har shi."

Barista ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa rubuta yarjejeniya da shayi a ciki ba. Malama ta ce ita ta taɓa rubuta wadda aka sa akuya.

Zarto ya wargaza kujerun gaɓa gaɓa, ya shanya, ya canza abin da ya ruɓe, ya sake haɗawa. Ranar da aka sa, motar ta shigo layin da hantsi ta tsaya a ƙofarsa, ta tare hanya, karo na farko da bai yi wa direba maganar kotu ba. Manaja ya sauko da murmushinsa. Aka ajiye masa kujera a bakin titi, ya zauna a hankali, da farko da rabin jiki, sannan gaba ɗaya. Mai shayi ya kawo kofi yana tururi. Guduma ta daina ƙara a layin, masu shaguna suka fito kowa da abin da zai yi kamar yana yi. Shayin ya ƙi hucewa. Manaja ya yi ta hurawa yana kurɓa, yana amsa gaisuwar mutanen da bai sani ba, Zarto yana tsaye a gefe ya harɗe hannu yana kallon sama. Da kofin ya ƙare Manaja ya ɗauki kujerar da ya zauna a kai ya miƙa cikin mota, aka loda sauran, suka tafi.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba mai gadaje ya iso, mutane a bayansa.

"Zarto, me ka yi wa mutumin nan a ɗakin can?"

"Doka ta hana ni magana."

"Haba, mu ne fa."

"Na sa hannu."

Wannan amsar ta fi duk wani bayani aiki. Mutumin da bai taɓa barin magana ta kwana a cikinsa ba, yau ya ce doka ta rufe masa baki, lalle abin da aka yi a ɗakin nan ba ƙarami ba ne. Kafin azahar layin ya gano cewa Manaja ya yi kuka. Kafin mako ya zagayo an tabbatar ya durƙusa ya kama ƙafar Zarto, mai sulhu da kanta ce ta roƙa masa. Wasu suka ce babban baƙon nan dama maƙiyansa ne suka kwance masa kujera.

Ciniki ya dawo, ba duka ba. Waɗanda suka kalli faɗuwar a waya sun fi waɗanda suka ga shan shayin yawa, kuma har yanzu akan samu mai saye ya jijjiga kujera ya dube shi ta gefen ido. Matar nan mai kujerun cin abinci ta dawo ta ce mijinta ya sake canza shawara. Zarto yana nan a shagonsa, ya ƙara nauyi, gwiwa ta fara ba shi matsala. In baƙo ya tambaye shi ko gaskiya ne Manaja ya durƙusa, sai ya ce shi mutum ne mai bin doka, ya ci gaba da goge katako. Bai taɓa cewa eh ba, bai kuma ga dalilin cewa a'a ba.

Abin da ke cinsa, in ji matarsa, shi ne duk cikin labaran da layin ya ƙirƙira ba wanda ya ambaci ruwan sama da yagaggen tampol. Ita ma ba daga bakinsa ta ji ba, ƙaninta ta matsa wa.